3.4 Littafin Rajistar Mai a Jirgin Ruwa

A wannan sashe za a yi bayani a kan littafin da ake rubuta ayyukan na'urar tace mai a manyan jiragen ruwa. Ko da yake ƙasar Daura tana nesa da teku, da yawa daga kayan waje da ake gani a kasuwanninta jirgin ruwa ne ya kawo su, ta tashar Apapa a Ikko ko ta Kwatano.

Ruwan da ke taruwa a ƙasan ɗakin inji yakan gauraya da mai. Yarjejeniyar MARPOL ta 1973, wadda aka yi wa gyara a 1978 ta kuma fara aiki a 1983, ta hana zubar da shi a teku sai an tace, ta yadda man da ya rage bai wuce kashi 15 cikin miliyan ɗaya ba. Don haka aka wajabta wa jirgin dakon mai mai tan 150 zuwa sama, da sauran jirage masu tan 400 zuwa sama, su ajiye wannan littafi.

Duk lokacin da aka kunna na'urar, sai a rubuta kwanan wata da lokaci da wurin da jirgin yake da yawan ruwan da aka zubar. Idan ta lalace, wannan ma sai an rubuta. Jami'in da ya yi aikin zai sa hannu, kyaftin kuma ya sa hannu a kowane shafi, sannan a adana littafin shekara 3 bayan rubutu na ƙarshe. Daga 2020 an amince a yi shi a kwamfuta.

Dalilin wannan tsanani a fili yake: a tsakiyar teku babu shaida. Abin da mai bincike zai iya yi a tasha, kamar jami'in hukumar NIMASA a Nijeriya, shi ne ya gwada abin da aka rubuta da abin da ya tarar a tankuna. In lissafi bai hau ba, to an zubar ta ɓarauniyar hanya ke nan. Misali, a 2016 kamfanin Princess Cruise Lines ya amsa laifi a Amurka, ya yarda da tarar dala miliyan 40, bayan wani injiniya ya tona cewa jirginsu na zubar da gurɓataccen ruwa ta ɓoyayyen bututu, ana kuma rubuta ƙarya a littafin.