Rubuta Jagorar Manhaja: Darasi Daga Binciken John Carroll

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da bincike ya gano game da rubuta littafin jagora da bayanin taimako na kan allo waɗanda ke tafe da manhajar kwamfuta. Batun ya shafi masana harshe kai tsaye, domin jagora aikin harshe ce, kuma idan ta gaza, mai amfani da na'ura kan rasa aikin da ya ɓata lokaci a kansa.

2.0 Matsalar Da Aka Gano

A farkon shekarun 1980, John Carroll da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta kamfanin IBM da ke Amurka sun lura da yadda ma'aikatan ofis ke koyon na'urar sarrafa rubutu. Sukan sa mai koyo ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake aiki. Sun gano cewa mutane ba sa bin jagora daga farko zuwa ƙarshe. Sukan tsallake shafuka, su gwada abin da suke zato, su faɗa cikin kuskure, sannan su kasa fita, domin littafin ya ɗauka ba wanda zai kauce daga matakansa. A 1987 Carroll da Mary Beth Rosson suka bayyana dalili: hankalin mai koyo yana kan gama aikin da ke gabansa, saboda haka ba ya tsayawa karatun da zai sauƙaƙa masa aikin.

3.0 Tsarin Taƙaitawa

Domin magance wannan, masu binciken suka rubuta wata jagora mai shafi 45, wato ƙasa da rubu'in wadda ake sayarwa tare da na'urar. Da aka gwada, waɗanda suka yi amfani da gajeriyar sun rage lokacin koyo da kimanin kashi 40 cikin 100. Carroll ya tattara sakamakon a littafinsa na 1990, wanda sunansa ya samo asali daga almarar Jamusawa ta mazurarin da ake ɗura wa mutum ilimi a ka. Abin nufi shi ne, ilimi ba ya ɗuruwa haka; sai mai koyo ya aikata da hannunsa.

A 1995 Hans van der Meij da Carroll suka tsara manufofi huɗu:

(a) a sa mai koyo ya fara aiki nan take;
(b) a gina darasi kan ainihin ayyukansa, kamar rubuta wasiƙa;
(c) a nuna masa yadda zai gane kuskure ya gyara;
(d) a tsara rubutun yadda zai dace da mai karatu don aikatawa, da mai nazari, da mai neman abu guda.

4.0 Abin Lura Ga Mai Rubutu Da Hausa

Tunda jagora umarni ce, dole marubuci ya zaɓi sigar umarni. "Ka danna" ta bar mace a baya, "ki danna" ta bar namiji. Saura "danna", da "ku danna", da "a danna", kuma kowacce na da nata nauyi na ladabi. Duk wadda aka ɗauka, wajibi ne a tsaya a kanta. Haka nan keɓaɓɓun kalmomi: idan allo ya ce "adana", kada jagora ta ce "ajiye". Bugu da ƙari, mai neman taimako kan rubuta "kirkiri" maimakon "ƙirƙiri", don haka ya kamata ma'ajin neman ya karɓi duka biyun.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, binciken ya nuna cewa ba yawan bayani ke sa jagora ta yi amfani ba. Hanyar tabbatar da ingancinta ita ce a ba wa wanda bai san manhajar ba, a zuba ido a ga inda ya tsaya, sannan a gyara wannan wuri. Masu fassara da masu ƙirƙirar kalmomi a harsunanmu za su amfana idan suka ɗauki wannan gwaji a matsayin ɓangare na aikinsu.