Rumbun da ke cikin jiki

A ƙasar Kurfai, da damina, manomi yakan sha fura da safe ya ɗauki hauya ya yi noma har rana tsaka. Daga ina ƙarfinsa yake fitowa?

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana bukatar abinci. Idan fura ta shiga ciki, hanji yakan narkar da garin hatsi ya zama sukari, ana kiran shi gulukos. Jini ya kwashe shi ya kai wa ƙwayoyi. Jinin kuma shi ke kawo iskar oksijan daga huhu.

A cikin ƙwaya akwai wasu ƴan murhu, sunansu mitokondiri. Nan ake ƙone sukari da oksijan, amma a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Ƙarfin da ya fito, ƙwaya takan ɗura shi cikin wani sinadari mai suna ATP, ta kashe shi nan take wajen motsa hannu ko bugun zuciya. Saura ya zama zafi. Shi ya sa jikin mai lafiya yake tsayawa wajen digiri 37, ko da sanyin hunturu.

Magidanci ba ya cinye hatsinsa ranar girbi, rumbu yake zubawa. Jiki ma haka. Sukarin da ya yi rara, hanta takan ɗaure shi dami-dami ta ajiye, kamar giram 100 a jikin babban mutum. Wannan ƙaramin rumbu ne, ba ya wuce kwana guda. Shi mai azumi yake ci daga sahur zuwa magariba. Babban rumbu kuwa kitse ne. Giram ɗaya na kitse ya fi giram biyu na sukari ƙarfi.

A Tukunus, kusa da Filinge, ana kiwon shanun Azawak. Bayan damina tozonsu yakan cika ya miƙe. Da rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, sai tozo ya saki, haƙarƙari ya fito. Saniya ta ci rumbunta ke nan. Raƙumi ma da kitsen tozonsa yake tafiya mai nisa.

Wa ke riƙe da mabuɗin rumbu? Bayan tumbi akwai wata gaɓa, fankiriyas. Idan an ci abinci, sukari ya yi yawa a jini, sai ta saki insulin, ƙwayoyi su karɓa, hanta ta ajiye. Idan yunwa ta zo, ta saki gulukagon, hanta ta buɗe rumbu. Wanda insulin ɗinsa ya gaza, sukari yakan taru a jininsa, ya yi ta ƙishirwa da yawan fitsari. Shi ne ciwon sukari. A shekarar 1921 likitoci a Toronto, ƙasar Kanada, suka samo insulin, yau kuma ana yi wa masu ciwon allurarsa.