Ya je neman aiki, aka miƙa masa sadaka

A hutun da ya wuce mun raka wani yayanmu a jami'a, wanda ya kammala digiri a fannin akanta, zuwa ganawar ɗaukar aiki a wani ofishi. Da keken guragu yake tafiya, saboda cutar shan inna da ta kama shi yana ƙarami. Tun a bakin ƙofa wani ma'aikaci ya zaro naira 200 ya miƙa masa, ya ce ya saka shi a addu'a. Shi kuwa ga fayil ɗin takardunsa a kan cinya.

Da aka gane abin da ya kawo shi, sai aka ce ai a saman bene ake ganawar, kuma ginin ba shi da lif. Mu huɗu muka ciccibe shi da kekensa, muna nishi, jama'a na kallo. Ya isa gaban masu tambayoyi sharkaf da gumi, ransa a ɓace.

Abin takaicin shi ne akwai doka. A watan Janairun 2019 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta buƙaci ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta kuma tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya. Ku leƙa ofisoshi da bankunan unguwarku ku ƙirga nawa ne suka gyara.

Masu ɗaukar aiki kan fake da tsada. Wani gyaran kam yana cin kuɗi, amma ba duka ba. Sauko da ganawar zuwa ɗakin ƙasa ko sisi ba zai ci ba. Gangarar siminti a gefen matakala aikin birkila ne na kwanaki kaɗan. Makaho yana iya aiki da kwamfuta ta hanyar manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, kuma ɗaya daga cikinsu, NVDA, kyauta ake sauke ta a intanet. Kurma kuwa saƙo a rubuce yake buƙata, da mai fassara maganar hannu a lokacin taro.

A ganinmu matakalar da ta fi wuyar hawa tana cikin zukatanmu. Mun taso muna ganin gurgu ko makaho a matsayin wanda ake tausayawa a ba shi na annabi, ba abokin aiki ba, balle shugaban ofis. Alhali a Kano waɗanda shan inna ta naƙasa sun daɗe da kafa wurin walda, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa.

Ku da kuke sakandare, wannan ɗabi'a daga aji take farawa. Idan za a raba aikin rukuni, wa ake bari a baya? Idan za a zaɓi monita, an taɓa tunawa da ɗalibar da ke dogara sanda?

Yayan namu dai har yanzu yana jiran sakamako. Ya ce idan aka ɗauke shi, tambayarsa ta farko ita ce a wane hawa teburinsa yake.