Kwana Talatin da Ke Bin Mutum Shekara Bakwai

A Amurka, in ka makara wajen biyan bashi, maganar ba ta mutuwa ranar da ka biya. Ana rubuta makarar a ajiye, kuma doka ta yarda a nuna ta ga duk mai son ba ka bashi har tsawon shekara bakwai. Da yawa cikin mutanenmu da ke zaune a nan, daga 'yan Gana na Bronx zuwa 'yan Nijar na Greensboro, ba sa jin labarin wannan rubutu sai ranar da suka gama tara kuɗi suka je neman bashin sayen gida. Ina yi wa wasunsu tafinta a irin wannan zama, kuma kalmar da na fi ji daga bakinsu guda ɗaya ce: "Malam, gaya masa ai na biya!" Ina gaya wa jami'in bankin. Shi ma ya sani an biya. Tambayarsa ita ce yaushe.

Kamfanoni uku ne ke riƙe da waɗannan kundaye: Equifax da Experian da TransUnion. Ba hukumomin gwamnati ba ne, 'yan kasuwa ne. Kowane wata bankuna da masu katin bashi da masu ba da bashin mota suna aika musu rahoto: wane ya biya a kan lokaci, wane bai biya ba. Daga wannan kundi ne ake fitar da makin da ake kira FICO, wanda ke tashi daga 300 ya tsaya a 850. Kamfanin Fair Isaac ne ya fito da shi a 1989, sannan a 1995 Fannie Mae da Freddie Mac, manyan cibiyoyi biyu da ke sayen bashin gidaje daga hannun bankuna, suka ce a riƙa amfani da shi. Tun daga nan ya zama ƙofar da kusan kowane mai neman gida zai bi. Kashi 35 cikin 100 na makin daga tarihin biya yake fitowa, kashi 30 kuma daga yawan bashin da ke kanka. Albashinka ba ya ciki, haka ma kuɗin da ke asusunka.

Abin da ya kamata a fara sani, don hankali ya kwanta: ba kowace makara ce ke shiga kundi ba. In ranar biya 1 ga wata ce ka biya ran 10, ana iya cin ka tara, amma ba za a kai ka ga kamfanonin nan uku ba. Sai makarar ta cika kwana 30 ake rubuta ta. Daga nan matakai ne: 30, 60, 90, 120, kowanne ya fi na bayansa muni. In katin bashi ya kai wajen kwana 180 ba a biya ba, banki kan rubuta shi a matsayin asara, sau da yawa ya sayar wa masu karɓar bashi, su kuma su buɗe maka wani sabon tabo a kundin.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne mai tsabtataccen kundi ya fi jin jiki. Kamfanin Fair Isaac da kansa ya taɓa ba da misali: mai maki 780 da ya yi makarar kwana 30 sau ɗaya zai iya rasa kusan maki 100, alhali mai 680 abin da zai rasa bai kai haka ba. Farar riga ce, ɗigon manja ɗaya ya ishe ta.

Na zauna da wani direban babbar mota, mutumin kirki, mai tsoron bashi kamar me. Bai taɓa makara a kan abin da ya ci da kansa ba. Amma wani ƙaninsa na wajen kawu ya zo ƙasar, yana son mota don ya fara aikin ɗaukar fasinja, ba shi da kundi ko kaɗan, sai yayan ya sa masa hannu a matsayin mai tsaya masa. Yaron ya tafi gida biki, ya daɗe, wata biyu suka wuce ba a biya ba. Wasiƙun gargaɗi suna zuwa adireshin yaron. Yayan bai san komai ba sai da muka zauna gaban jami'ar bashin gida ta juyo mana da allon kwamfuta: makarar kwana 60, da sunansa. Ya ce, "Hajiya, wannan ba motata ba ce." Ta ce motar ba tasa ba ce, amma bashin nasa ne. Gaskiyarta. A dokar nan, wanda ya sa hannu ya tsaya wa wani, bashin yana shiga kundinsa kamar shi ya ci, kuma duk makarar da aka yi, ta su biyun ce. Ba na cewa kada a tsaya wa ɗan'uwa. Da ba a tsaya wa wasunmu ba, da ba mu kai inda muke ba. Amma wanda ya tsaya ya karɓi lambobin shiga asusun, ya riƙa leƙawa da idonsa kowane wata. Zumunci bai hana wannan ba.

To me mai ba da bashin gida ke yi da kundin? Yana jawo rahoton kamfanonin uku gaba ɗaya, ya sami maki uku, ya ɗauki na tsakiya. In miji da mata ne suka nema tare, wajen yanke farashi makin wanda ya fi ƙasa ake bi. Na ga magidanta da wannan ya ɓata musu rai, musamman in nasu ne ya ja na uwargida ƙasa.

Bayan maki, akwai mutum ko na'ura da ke karanta kundin layi-layi, kuma abu uku suke nema. Na farko, yaushe aka yi makarar. Ta shekara biyar da ta wuce, in komai ya tafi daidai bayanta, ba ta cika hana kowa gida ba. Ta cikin watanni 12 na baya ita ce mai zafi. Na biyu, kwana nawa ta kai, kuma sau ɗaya ce ko ta zama hali. Na uku, a kan wane irin bashi. Makara a katin kantin tufafi daban, makara a kan bashin gida ko kuɗin haya daban, don mai ba da bashi yana ganin wanda ya yi wasa da rufin da ke kansa jiya zai iya yi gobe. A ƙa'idar Fannie Mae, wanda ya yi makarar kwana 60 ko fiye a kan bashin gida cikin watanni 12 da suka gabata, ba za su sayi sabon bashinsa ba, kuma bankin da ya san ba zai iya sayar da bashin ba, da wuya ya bayar.

Sau da yawa ba cewa ake yi a'a ba. Cewa ake yi to, amma da tsada. Bankuna sun daɗe suna neman maki 620 zuwa sama a bashin gida na yau da kullum. Wanda bai kai ba, akwai shirin FHA na gwamnatin tarayya, wanda aka kafa tun 1934: mai maki 580 zai iya shiga da kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin 100 na kuɗin gidan, mai 500 zuwa 579 kuma sai ya ajiye kashi 10, ga kuɗin inshora da ake ɗorawa a kai. Ko ga wanda ya haye 620, kowane mataki da farashinsa. Mu ɗauki misali da lissafi: bashin dala 300,000 na shekara 30. In kuɗin ruwa kashi 6.5 ne, biyan wata dala 1,896 ne. In kashi 7 ne, dala 1,996. Bambancin dala 100 a wata kamar ba komai ba, amma a shekara 30 ya kusa dala 36,000. Wani gida guda ke nan a can garuruwanmu, da katanga da rijiya.

Nan wani zai ce shi ba ruwansa, tunda ba zai taɓa bashi mai ruwa ba. Akwai kamfanonin da ke sayar da gida ta tsarin Musulunci, irin su Guidance Residential da UIF, kuma mutanenmu da dama ta nan suke bi. Sai dai su ma wannan kundin suke buɗewa, kuma makin yana shafar abin da za su yanka maka. Wanda kuma ya guje wa kowane irin kati, yana biyan komai da tsabar kuɗi, matsalarsa daban: ba shi da kundi kwata-kwata. Shekara goma yana zubin adashi bai taɓa fashi ba, uwar adashi za ta rantse a kansa, amma Experian ba ta san ta ba. Irinsu sai an bi doguwar hanya, a tattara shaidar biyan haya da wuta da waya, wani jami'i ya duba da hannu. Wannan yana cikin abubuwan da nake ganin rashin adalcinsu a tsarin: haya da kuɗin wuta, in kana biya a kan lokaci, galibi ba mai rubuta maka lada, ran da ka bar su suka kai hannun masu karɓar bashi, ranar za su bayyana.

Gyara yana yiwuwa, amma a bambanta abu biyu. In rubutun kuskure ne, dokar 1970 da ta tsara harkar kundayen bashi ta ba ka damar ƙalubalantarsa, kuma kamfanin yana da kimanin kwana 30 ya bincika, ya gyara ko ya goge abin da ya kasa tabbatarwa. Duba kundin kyauta ne a shafin AnnualCreditReport.com, yanzu ma kowane mako, kuma dubawar da ka yi da kanka ba ta rage maki. Masu sunaye irin namu su fi kowa dubawa: Muhammad da Ibrahim da Abubakar sun yi yawa, rubutunsu kuma kala-kala, ba abin mamaki ba ne a cakuɗa kundin wani da na wani.

In kuwa makarar gaskiya ce, ba wanda ke da ikon tilasta a goge ta. Masu tallar cewa za su wanke maka kundi in ka biya su, mafi yawan abin da suke yi wasiƙu ne da kai ma za ka iya rubutawa, kuma doka ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Abin da ya rage shi ne roƙo: ka rubuta wa wanda ya ba ka bashin, ka nuna shekarun da ka yi kana biya, ka nemi alfarma. Wani ya yarda, wani ya ƙi. Shi ma mai ba da bashin gida zai nemi takardar bayani, kuma a nan nake roƙon mutanenmu su taƙaita. Ba wurin doguwar gaisuwa da labarin dangi ba ne. Ranar da abin ya faru, dalili, shaidar asibiti ko takardar sallama daga aiki in akwai, da abin da ka yi don kada ya sake faruwa. Ko manyan tabo suna da wa'adi: wanda aka ƙwace masa gida yana jiran shekara 3 a FHA, shekara 7 a Fannie Mae.

Masu karatu a Najeriya kada su ɗauka labarin nesa ne. Tun 2017 akwai dokar kundayen bashi, akwai kamfanoni masu lasisi uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma lambar BVN ta ɗaure sunan mutum da duk asusunsa. Ƙaramin bashin da aka ci ta manhajar waya aka share, ana iya kai rahotonsa can, kuma banki kan duba kafin ya ba ma'aikaci bashin gida.

Ga mai niyyar sayen gida a nan Amurka, shawarar da nake bayarwa ita ce ya buɗe kundinsa shekara guda kafin ya fara zagayen duba gidaje. Ya sa kowane bashi a tsarin cirewa kai tsaye daga asusu, ko da mafi ƙarancin abin da ake nema ne, musamman in zai tafi gida ko aikin Hajji. Kuma bayan banki ya amince, kada ya saki jiki ya ɗauko kujeru da firiji a kan bashi: ana sake duba kundin dab da ranar sa hannu, kuma sabon bashi ko makara ɗaya a wannan tsakanin na iya mayar da maganar gidan baya.