Diyyar Karyewar Ƙashin Baya a Fiƙihun Malikiyya da Hanyoyin Neman Ta a Yankin Sabon Birni da Isa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

Laka ita ce jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa cikin ƙashin baya, tana kai saƙon motsi da ji zuwa ga sauran gaɓoɓi. Idan ta katse a wuya, hannaye da ƙafafu suna iya shanyewa gaba ɗaya. Idan kuwa a tsakiyar baya ko ƙugu ne, ƙafafu ne suke mutuwa, kuma sau da yawa riƙe fitsari da bayan gida da ikon saduwar aure suna tafiya tare da su. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na gabashin jihar Sakkwato, ana samun irin wannan rauni ta hatsarin mota da babur, da faɗuwa a wurin aiki, da kuma harbin 'yan bindigar da suka addabi ƙasar Gobir, musamman tun daga hare-haren watan Mayu na 2020 a ƙauyukan Sabon Birni. Abin da aka saba gani shi ne a taru a ce ƙaddara ce, wanda ya yi ɓarna ya biya kuɗin asibiti na 'yan kwanaki, a shafa fatiha a watse. Wannan maƙala za ta bayyana haƙƙin da Shari'a ta tabbatar wa mai irin wannan rauni, da wanda biyansa ya hau kansa, da ƙofofin da dokar Nijeriya ta buɗe domin karɓarsa.

Asalin hukuncin

Wasiƙar da Manzon Allah (S.A.W.) ya aika wa mutanen Yaman ta hannun Amru ɗan Hazmu ita ce ginshiƙin babin diyyar gaɓoɓi. Imamu Malik ya kawo wani sashe nata a Muwaɗɗa, ruwayar Nasa'i kuma ta ambaci ƙashin baya cikin abubuwan da ake biya wa cikakkiyar diyya. A kan haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tafi a Risala. Shaihu Khalil ya ƙara fayyace cewa abin lura shi ne amfanin da ya gushe, wato ikon tsayuwa da zama. Saboda haka wanda ya rasa su baki ɗaya yana da diyya daidai da ta rai, wanda kuma ya rasa wani sashe sai a ƙiyasta masa gwargwadon abin da ya rasa.

Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Bisa ƙiyasin da ya fi shahara a wannan zamani, dinari ɗaya giram 4.25 ne na zinariya, ke nan diyya ta kama kilo 4.25. Mai karatu zai iya auna wannan da kuɗin da ake miƙa wa iyalin gurgu a zauren mai gari, ya ga tazarar da ke tsakaninsu. A Malikiyya mace tana daidai da namiji har zuwa sulusin diyya, idan aka kai sulusi sai ta koma rabin tasa.

Diyya tana kuma ninkuwa idan amfanin da ya gushe ya fi ɗaya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya hukunta diyya huɗu ga mutumin da aka jefa da dutse ya rasa ji da gani da hankali da ikon saduwa, alhali yana raye. Masu sharhin Mukhtasar sun bayyana cewa wanda aka karya wa baya ya kasa tsayuwa, kuma ya rasa ikon saduwa, diyya biyu yake da ita. Malaman Hanbaliyya sun tabbatar da cikakkiyar diyya ga rashin riƙe fitsari, da wata ga rashin riƙe bayan gida. Dangane da kuɗin magani kuwa, Ibnu Arafa ya ga kyawun a ɗora ladan likita da kuɗin magani a kan mai laifi a raunin da Shari'a ba ta yanka masa adadi ba.

Babu ƙisasi a karyewar baya ko da an yi ta da gangan, domin ramuwar tana iya kai wa ga halaka. Diyya ce ke maye gurbinsa, kuma alƙali yana da ikon ladabtar da mai ganganci.

Wa zai biya?

A raunin kuskure, idan abin biya ya kai sulusin diyya ko ya haura, aƙila ce take ɗauka, wato dangin mai laifi ta wajen uba, kuma cikakkiyar diyya ana rarraba ta cikin shekara uku. Aƙila ba ta ɗaukar abin da ya tabbata ta hanyar iƙirarin mai laifi kawai, shi ya sa shaidu suke da muhimmanci ko da direba ya amsa laifinsa.

Risala ta ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta a kan abin da ta taka. A kan wannan tushe Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa hukunce-hukuncen jinaya suna hawa kan hatsarin mota, kuma bin dokokin hanya wajibi ne. Direban da ya yi gudun wuce sa'a, ko ya yi lodi fiye da ƙima, ko ya fito da mota ba birki, ya yi sakaci, lamuni ya hau kansa. Haka ɗan kabu-kabu. Haka kuma mai ɗorin da ya danne ko ya ja bayan da ya tsage ba tare da sani ba har laka ta katse, domin hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani alhali ba a san shi da ilmin likitanci ba.

Tambayar da ke tasowa ita ce, ina aƙila a yau, a ƙasar da dangi suka watse, wasu suna gudun hijira a Gidan Rumji da Maraɗi, wasu a birnin Sakkwato? Malikiyya sun gabatar da ma'abota diwani a kan dangi, bisa aikin Sayyidina Umar, sannan baitulmali ya zo a ƙarshe ga wanda ba shi da kowa. Wannan yana nuna cewa illar hukuncin ita ce taimakon juna. Saboda haka majalisar da aka ambata, a zamanta na Dubai a 2005, ta amince inshorar takaful da ƙungiyoyin sana'a da asusun ma'aikata su tsaya a matsayin aƙila idan tsarinsu ya tanadi haka. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kabu-kabu da ke karɓar kuɗi kullum a tashoshin Isa da Sabon Birni sun fi kowa dacewa da wannan matsayi, idan suka ware wani kaso suka rubuta shi a dokokinsu.

Mafi wuya shi ne wanda harsashin 'yan bindiga ya kwantar, domin ba a san mai harbin ba, ko an san shi amma hannu bai kai gare shi ba. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Khaibara ba a tabbatar da makashinsa ba, Manzon Allah (S.A.W.) ya biya diyyar raƙuma 100 domin kada jinin ya tafi a banza. Da wannan wasu malamai suka kafa hujja cewa baitulmali yana biya idan an rasa mai laifi. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne hukumar da tsaron hanyar Isa zuwa Sabon Birni yake wuyanta ita ta fi cancantar ɗaukar wannan nauyi, kuma masu irin wannan rauni suna da rabo a zakka da waƙafi ta fuskar talauci.

Ƙofofin doka

Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a tun daga 2000, kuma kotunan Shari'a suna sauraron ƙarar diyya tsakanin Musulmi. Babbar Kotun Jiha kuma tana sauraron ƙarar sakaci, inda ake iya lissafa kuɗin jinya na gaba da asarar abin da mutum yake samu. Zaɓen kotu aikin lauya ne, kuma wanda ba shi da hali yana iya zuwa Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙararrakin hatsari.

Doka ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni, don haka lambar mota da takardar inshorarta suna cikin abin da za a fara nema. Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki yana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF yake gudanarwa. Ana sanar da mai aiki cikin kwana 14, a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya. Idan jami'in gwamnati ne ko motar hukuma, wa'adin shigar da ƙara wata uku ne kacal a bisa asali, kuma da yawa suna rasa haƙƙinsu suna kan gadon asibiti. Dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Hujja ita ce ƙashin bayan kowace ƙara. Ana buƙatar rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra, da sunayen shaidu, da rasit na duk abin da aka kashe, da rahoton likitan ƙwaƙwalwa da laka, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Rahoton ya fayyace gaɓar da ta samu rauni da kowane amfani da ya gushe, domin a kan kowanne ake gina hukunci.

Sulhu da yafiya

Ƙa'idar Malikiyya ita ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya. Likitoci ma sun tabbatar cewa mafi yawan abin da zai dawo na motsi yana dawowa ne cikin watannin farko zuwa shekara. Saboda haka sulhun da ake ƙullawa a makon farko ana yin sa ne a kan abin da ba a san iyakarsa ba. Abin da ya dace shi ne mai laifi ya ɗauki nauyin jinya a rubuce, a jinkirta maganar diyya.

Yafiya alheri ce da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kanta, amma haƙƙin mai rauni ne shi kaɗai matuƙar yana da hankalinsa. Uba ko yaya ko mai gari ba su da ikon yafewa a madadinsa, kuma waliyyin yaro ba ya sarayar da dukiyar yaron ba tare da maslaha ba. Yafiyar da aka samu ta hanyar kunyatarwa, ko ta ɓoye wa mutum adadin haƙƙinsa, ba ta cika sharaɗin yarda ba. Imani da ƙaddara kuma bai kore lamuni ba, domin kisan kuskure ma ƙaddara ne, amma Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kansa.

Kammalawa

Mai raunin laka yana buƙatar keken guragu da robar fitsari da maganin gyambon kwanciya da mai jinya har ƙarshen rayuwarsa, kuma yawanci shi ne mai ciyar da gida. Diyya an shar'anta ta ne domin kada wannan nauyi ya faɗa kan matarsa da 'ya'yansa su kaɗai. Ya kamata limamai da masu unguwanni da ake kira zaman sulhu su san adadin da Shari'a ta yanka kafin su buɗe baki, su sanar da mai haƙƙi, sannan su bar masa zaɓi. Allah ne Mafi sani.