Kalmar "First-Class" da Ma'anoninta a Wudil

Daga cikin kalmomin Ingilishi da suka zauna daram a bakin Hausawa akwai "first-class", wadda ake furtawa fes kilas. A nahawu harɗaɗɗiyar sifa ce, wato kalmomi biyu da aka haɗe domin su siffanta suna guda, ta farko tana nufin na ɗaya, ta biyu kuma aji ko mataki, kuma idan ta gabaci sunan akan raba kalmomin biyu da karan ɗori, ɗan layin nan da ake gani a faɗi-tashi.

Asalin aikinta nuna matsayi ne a cikin tsarin da wata hukuma ta shimfiɗa, kamar yadda jiragen ƙasan Ingila suka kasa taragunsu daraja-daraja tun ƙarni na 19. Da wannan ma'ana ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001, suka san ta, domin ita ce sunan digiri mafi daraja, wanda a yawancin jami'o'in Nijeriya sai matsakaicin makin ɗalibi ya kai 4.50 cikin 5.00 yake samunsa.

Ma'anar da ta fi taɓa mutanen garin ita ce ta sarauta. Turawan mulkin mallaka ne suka jera sarakuna mataki-mataki tare da ba su sanda, Hausa kuma ta kira na sama mai daraja ta ɗaya, ko sarkin yanka, sunan da ke tuna zamanin da sarki yake da ikon zartar da hukuncin kisa. A Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Gaya da Rano da Karaye da Bichi zuwa wannan mataki, Wudil ta faɗa ƙarƙashin Gaya, har zuwa Mayun 2024 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar da ta kafa waɗannan masarautu, daga baya kuma aka maido da Gaya a daraja ta biyu.

A harshen yau da kullum kuwa kalmar ta rabu da kowace hukuma, ta koma yabo zalla. Dillalin da ya kira sa fes kilas a karar Wudil ranar Juma'a ƙoshi da kyan gani yake nufi, kuma a nan fassarar "aji na farko" kuskure ce babba, alhali Hausa tana da gangariya da na gani na faɗa.