Shimfiɗa Dutse a Tsakar Gida: Ruwan Agusta Ne Alƙali

Duk wanda ya taɓa yin damina a Sabon Birni ko Isa ya san halin tsakar gida a watan Agusta. Indararo na zuba, rariya ta toshe, yara na tsallake bulo ɗaya bayan ɗaya kafin su kai madafa. Ƙasar gulabe ce: a wannan yanki Bunsuru da Gagare suke haɗuwa su zama gulbin Rima, ga kuma gulbin Maraɗi yana gangarowa daga Nijar. Wani gidan yana kan jigawa mai yashi, wani a bakin fadama, inda laka ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Saboda haka magidanci kan yi sha'awar shimfiɗa dutse a tsakar gidansa, kuma idan aljihu bai kai na magini ba, ya ɗauki cokalin gini da kansa. Aikin ba ya fin ƙarfin sabon hannu, muddin ya gane cewa da ruwa zai yi shawara tun daga farko.

Iyayenmu mata sun riga mu sanin haka. Kafin kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a 1967, har ma bayan nan, daɓe ake yi. Mata su taru, a baza marmara da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, sannan a shafe da ruwan makuba ko na bagaruwa. Ƙarfin daɓe a bugun yake. Haka ma shimfiɗar dutse: abin da ke ƙarƙashi shi ke riƙe abin da ido ke gani.

Fara da gangara. Ka tsaya a gidanka ranar da ake ruwa, ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya. Ka kafa turaku, ka ja igiya daga gindin ɗaki zuwa rariya, kowace mita ɗaya ta sauka da kamar santimita 2. Siririn tiyo mai ruwa a ciki ya isa ya nuna maka daidaito. Kada saman dutsen ya kai dokin ƙofa, kada kuma ruwan ya nufi gindin katanga, musamman ta ƙasa, domin jiƙar gindi ce ke kayar da gini. Ka duba ma inda ruwanka zai faɗa bayan ya fita, don maƙwabci na da haƙƙi.

Sai haƙa. A kwashe ƙasar sama kamar santimita 20, a zuba marmara ko tsakuwa mai kaurin santimita 10, a jiƙa, a daddage. A kan laka, a ƙara kauri. Nan ne gajiya ke sa mutum ya ce "ya isa haka", nan ne kuma dutse ke lotsawa bayan damina ɗaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Kafin ka buɗe buhun siminti, jera duwatsun a busasshe ka ga yadda za su zauna: manya a gefe da bakin ƙofa, ƙanana a tsakiya. Kwaɓin shimfiɗa kwanon sarki ɗaya na siminti ne ga huɗu ko biyar na yashi. A samo yashin gulbi mai kaifi, wanda ba laka a cikinsa. Idan ka murza a tafi ya bar jirwaye, wanke shi ko ka canza. Kowane dutse ya zauna a kan cikakken kwaɓi. Masu ɗiga kwaɓi a kusurwoyi kawai suna barin rami a ƙasa, ruwa da tururuwa su shiga, ran da aka aza turmi dutsen ya fashe. Ka jiƙa bayan dutsen, ka ɗora, ka bubbuga da katako har ya yi daidai da igiya, ka bar tazarar yatsa ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa.

Bayan kwana biyu sai cike tsakani, aikin da ke bambanta mai haƙuri da mai gaggawa. Kwaɓin ya zama ɗaya ga uku, mai ɗan danshi kawai, wanda za ka dunƙule bai ɗiga ba. Idan ya yi ruwa zai ɓata fuskar dutse da tabon da ba ya fita. A cusa shi har ƙasa, a danne, a goge da guntun tiyo ya yi sumul, a share ragowar kafin ta kama. A sa safar hannu, don siminti na cin fata.

Lokaci ma yana da nasa. Zafin bazara, da kan wuce digiri 40, da iskar hunturu duk suna shanye ruwan kwaɓi kafin ya yi ƙarfi. Kaka ta fi dacewa, da sassafe ko bayan la'asar. A rufe aikin da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, a tsare shi daga awaki da yara.

Kada kuma a shimfiɗe gidan kaf. Dutse na riƙe zafin rana har dare, lokacin da iyali ke baza tabarma a waje. A bar gindin darbejiya da turken dabbobi a ƙasa, ruwa ya samu inda zai nutse. Sabon hannu ya fara da gaban ɗaki ɗaya ko wurin wanke-wanke. Idan ruwan Agusta ya sauka ya bi hanyarsa zuwa rariya bai kwanta ba, to baɗi sai a ƙara gaba.